KARTAR TAROT: LITTAFI NE KE MAGANA KO ZUCIYAR MAI DUBA?

 Abin da ya jawo zancenmu na wannan wata, wasiƙa ce da wata ƙanwarmu 'yar aji biyar ta aiko mana, ta roƙi a sakaya sunanta, mun kuwa sakaya.

Ta ce ana cikin hutu, saurayinta ya yi kwana tara bai zo zance ba, bai kira ba, bai aiko ba. Ranar nan da daddare tana kwance tana latsa wayar yayarta, sai ga wata Baturiya a bidiyo, gabanta kyandir da wasu katuna masu zane kala-kala. Baturiyar ta juya kati uku, ta ɗago kai ta ce wai duk wadda ta ci karo da wannan bidiyo, saƙon nata ne: akwai wanda ya yi miki shiru, amma ke ce a ransa, girman kai ne kawai ya hana shi magana.

"Anti, wallahi sai da gabana ya faɗi," in ji ta. "Kamar ta leƙo cikin zuciyata. Don Allah yaya aka yi ta sani? A littafi suke karantawa ko kuwa gani suke yi?"

To ƙanwata, hukuncin zuwa wurin mai duba ba ɓoyayye ba ne, ko 'yar Islamiyya ta san hadisin nan da ya yi magana a kan sallar kwana arba'in, kuma gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Amma ke ba hukunci kika tambaya ba, kin tambayi yadda aka yi maganar ta zo daidai. Abin dariyar shi ne, tambayar nan taki ta ƙarshe, wato littafi ko gani, ita ce su kansu masu sana'ar a Turai da Amurka suka daɗe suna sa-in-sa a kanta. Ku gyara zama.

Sunan katunan tarot. Turawa kan haɗiye harafin ƙarshe su ce "taro", amma fa ba taron biki ba. Kati 78 ne a cikin ƙunshi ɗaya. Guda 56 sun kasu gida huɗu kamar kartar da samari ke bugawa a bakin titi, sai dai su gidajensu kofuna ne, da takubba, da sanduna, da tsabar kuɗi. Sauran 22 su ne manya, kowanne da sunansa da hotonsa: akwai Wawa, akwai Masoya, akwai Sarki da Sarauniya, akwai Wata da Rana, akwai Mutuwa mai lamba 13, akwai Hasumiya wadda tsawa ta faɗa wa mutane na zubowa daga sama. Mai duba za ta cakuɗa su, ta zaro uku ta ce wannan jiya, wannan yau, wannan gobe. Wasu kuma goma suke shimfiɗawa.

ASALIN LITTAFIN

Abin da zai ba ku mamaki, mutanen da suka ƙirƙiro katunan nan ba su san ana duba da su ba. Karta ta shiga Turai wajajen 1370 daga ƙasar Masar ta zamanin sarakunan Mamluk, har yau akwai ragowar irin waccan karta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, da kofunanta da takubbanta. Wajen 1440 sai masu hannu da shuni a Italiya, a garuruwa irin su Milan da Ferrara, suka ƙara mata manyan katunan nan don wasan ya ƙara armashi. Sarakunan Milan har masu zane suke ɗauka a yi musu nasu da ruwan zinare. Wasa ne kawai na cinye kati, babba ya danne ƙarami. Haka aka yi ta yi sama da shekara 300, kuma har gobe a Faransa ana buga tarot a gidaje da wuraren shan shayi, suna ma da ƙungiyar masu wasan ta ƙasa tun 1973.

Sai a 1781 wani malamin coci a birnin Faris mai suna Antoine Court de Gébelin ya zo da sabon zance. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ya je ziyara gidan wata mata ya tarar ana wasa da katunan, ya kalle su na ɗan lokaci kaɗan, nan take ya yanke cewa wannan ai ɓoyayyen littafin hikimar Masar ne ta zamanin Fir'auna. Ba shi da wata hujja, jikinsa ne ya ba shi. A lokacin ma babu wanda ya iya karanta rubutun mutanen Masar na da, sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma da aka karanta ba a ga ko ƙyallin tarot a ciki ba. Amma ina! Zance ya riga ya yi fiffike.

Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Jean-Baptiste Alliette, mutumin da ya fara da sayar da irin shuka. Ya juya sunansa ta baya ya koma Etteilla, don ya yi kama da na masu asiri. Shi ya zauna ya jera wa kowane kati ma'anarsa, in ya fito daidai ga abin da yake nufi, in ya fito kai a ƙasa ga abin da yake nufi, ya buga littattafai, ya fitar da katunansa na duba zalla wajen 1789, yana karɓar kuɗi yana koyar da ɗalibai. Kun ji mafarin "littafin" da ake ta tinƙaho da shi. Wanda ya fara cewa akwai sirri a ciki hasashe ya yi, wanda ya rubuta ma'anonin kuma ɗan kasuwa ne.

Yanzu bari mu tsallaka Landan, shekarar 1909, domin a nan ne labarin ya fi taɓa ni. Katunan da Baturiyar nan ta riƙe a bidiyo, ina kyautata zaton ko dai irin na wannan shekara ne ko kuma 'ya'yansu, don su suka fi yaɗuwa a duniya. Mutum biyu suka yi su. Na farko Arthur Edward Waite, mutumin littattafai, wanda ya ƙare rayuwarsa cikin tonon tsofaffin takardu. Ta biyu wata budurwa mai zane, Pamela Colman Smith, wadda aka haifa a Landan a 1878, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a tsibirin Jamaika, ta iya ba da tatsuniya, kuma tana da wata baiwa: in ana kiɗa sai ta riƙa ganin hotuna a ranta, ta ɗauki alƙalami ta zana su. Shi ya kawo ilimin takarda, ita ta kawo ido da zuciya.

Kafin su, a yawancin katuna, ƙananan ba su da wani hoto na a zo a gani. Takubba tara, takubba tara ne kawai a jere, dole sai kin haddace abin da littafi ya ce. Pamela ce ta mayar da kowanne ɗan labari. Takubba uku ta zana zuciya an soke ta da takubba uku, ruwan sama na zuba. Takubba tara ta zana mutum zaune a kan gado cikin dare, fuska a tafin hannu. Kofuna biyu ta zana saurayi da budurwa suna fuskantar juna kowa da kofinsa. Ke da ba ki taɓa ganin katin ba, in aka ajiye miki waccan zuciya da aka soke, ai ba sai an yi miki fassara ba. Cikin 'yan watanni ta gama zanen duka 78. Ta rubuta wa wani abokin sana'arta a Amurka cewa ta gama wani babban aiki a kan kuɗi ƙalilan. Katunan suka fita da sunan Waite da na kamfanin Rider da ya buga su, ita kuwa sai 'yan haruffan sunanta da ta maƙala a ƙasan zanen. Ta rasu a 1951 a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Bude, da bashi a kanta, har sai da aka sayar da kayanta. Katunan da ake cewa suna nuna gobe, an sayar da miliyoyinsu, mai zanen ba ta ga arzikinsu ba. Allah sarki!

To, zanen Pamela shi ya raba masu duba gida biyu.

'YAN LITTAFI DA 'YAN "JIKINA YA BA NI"

'Yan littafi suna cewa sana'a ce, sai an koya. Kati 78, kowanne da ma'ana biyu in an lissafa da na kai a ƙasa, ma'ana 156 ke nan, ban da abin da lambobi ke nufi da yadda kati ke sauya ma'anar maƙwabcinsa. Sukan ce kofuna na soyayya ne da abin da ya shafi zuciya, takubba na tunani da rigima, tsabar kuɗi na dukiya da aiki, sanduna na himma da neman na kai. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce littafi linzami ne. In babu shi, mai duba za ta riƙa zuba wa mutane abin da ke damunta ita kanta. Wadda mijinta ya yi mata kishiya jiya, yau duk katin da ta juya kishiya za ta gani. Sukan kawo misali da katin Mutuwa: sabuwar shiga tana ganin ƙwarangwal a kan farin doki sai ta firgita baiwar Allah da ke gabanta, alhali yawancin littattafansu na yanzu cewa suke yi ƙarshen wani abu ne da farkon wani, kamar barin gari ko rabuwa da wani hali.

Su kuma ɗaya ɓangaren suna cewa a jefar da ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin, a kalli hoto, a faɗi abin da ya fara zuwa rai. Suna yi wa 'yan littafi dariya, wai kamar ɗalibar da ta yi hadda ba ta san fassara ba, ana yi mata kuka tana buɗe shafi. Kuma suna da abin kamawa, domin littafin ma ba bakinsa ɗaya ba. Ku dubi katin tsabar kuɗi biyar. Pamela ta zana mabarata biyu cikin tsumma, ɗaya da sandunan guragu, suna tafiya cikin ƙanƙara ta gefen wata taga mai haske. Waite ya rubuta cewa katin talauci ne da wahala, sannan ya ƙara da cewa wasu masu duba na ɗaukarsa katin soyayya da masoya, har ya amsa da kansa cewa ma'anonin biyu ba sa haɗuwa. To in budurwa ta zo tana tambaya a kan wanda zai aure ta, wannan kati ya fito, me za a ce mata? Talauci ko soyayya? Littafi ya ba da duka biyun ya koma gefe.

A nan ne waɗanda suka daɗe a harkar ke cewa a haɗa. Sukan shawarci mai koyo ta riƙa zaro kati ɗaya kullum da safe, ta rubuta abin da ta ji a ranta tukuna, sannan ta buɗe littafi ta gwada, har ma'anonin su zauna mata yadda ba sai ta duba ba. Kamar dai girki ne, in ji su: da farko kina auna gishiri da cokali, daga baya hannunki ya san awonsa. Wasunsu ma, musamman tun daga shekarun 1970 da aka fara cakuɗa abin da ilimin halayyar ɗan Adam, sun daina cewa suna ganin gobe. Sun ce hoton dalili ne kawai na buɗe hira, mutum ya faɗi abin da ya kasa faɗa.

Ni dai da na zauna na auna, sai na ga akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika son a taɓo ba. In littafi ya ba da ma'ana biyu masu karo da juna, mai duba ta zaɓi ɗaya, kuma zaɓin ya yi daidai, daga ina ta samo shi? Ba daga kati ba, tunda kati takarda ce da aka cakuɗa. Daga wadda ke zaune a gabanta ta samo. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ku ɗauka wata budurwa ce a Landan ta shiga shagon mai duba da yamma. Kafin ta zauna an riga an ga shekarunta, an ga idonta ya yi ja, an ga yatsanta babu zobe, an ga tana duba waya kowane minti biyu. Yarinya mai shekara ashirin da ke duba waya haka, ai ba kiran kakarta take jira ba. Mai duba ta juya kati ta ce, "Ina ganin wata tazara tsakaninki da wani." In yarinyar ta ɗago da sauri, an samu hanya, sai a bi. In ta yamutsa fuska, sai a ce tazarar ta tsakaninta da wani buri ce, karatu ko aiki. Kafin rabin awa, yarinyar da bakinta ta faɗi kusan komai, an mayar mata da kayanta cikin sabon ƙunshi, ta fita tana rantsuwa ba ta ce komai ba. Ba kuma lallai mai dubar ta san haka take yi ba. Da yawansu tsakani da Allah sun yarda wani abu ne ke raɗa musu.

Akwai wani Ba'amurke, Ray Hyman, wanda ya zama farfesan ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oregon. Yana saurayi ya riƙa duban tafin hannu don ya sami na kashewa. Ya haddace littattafan tsaf, mutane suna ta yaba masa, har shi ma ya yarda abin gaskiya ne. Sai wani abokinsa ya ce masa ya gwada faɗin kishiyar abin da littafi ya ce. Ya gwada. Inda layin hannu ya ce kaza, shi sai ya ce akasin haka. Jama'a, mutane suka ci gaba da cewa ya faɗi daidai! Abin da ya tura shi karatun halayyar mutane ke nan, ya kuma yi shekaru yana bayyana yadda ake karanta baƙo daga shigarsa da motsinsa da amsoshinsa. Dubansa na hannu ne ba na kati ba, amma hanyar ɗaya ce, kuma ba za ta zama baƙuwa ga duk wadda ta taɓa jin labarin masu bugun ƙasa ko watsa wuri a nan gida ba.

Za ki ce, to Anti, ai ita Baturiyar bidiyo ba ta ga fuskata ba. Gaskiyarki. Ita wata dabarar ta hau, wadda wani malami mai suna Bertram Forer ya gwada a 1948. Ya ba ɗalibansa 39 wasu tambayoyi, ya ce zai fito wa kowa da bayanin halinsa shi kaɗai. Bayan mako ɗaya ya raba musu takardu, ya ce kowa ya ba da maki daga sifili zuwa 5 a kan yadda bayanin ya dace da shi. Da aka haɗa, makin ya haura 4.  Ashe takarda ɗaya ce ya ba kowa, kuma daga wani littafin taurari da ya saya a wurin mai jarida ya tsinto maganganun. Irin su: kina son mutane su so ki, kina yawan ganin laifin kanki, wani lokaci kina shakkar ko shawarar da kika yanke daidai ce. Wace ce a cikinmu za ta ce ba ita ba ce?

Inda abin ke zama ɓarna kuwa shi ne in kuɗi ya shigo. A ƙarshen shekarun 1990, kusan duk mai talabijin a Amurka ya san wata mata da ake kira Miss Cleo, da ɗankwalinta da katunan tarot a gabanta, tana magana da karin harshen Jamaika, tana cewa a kira ta a waya a ji gaskiyar masoyi, wai farkon kiran kyauta ne. Daga baya aka gano a Los Anjelis aka haife ta. Masu kira kuma ba ita suke samu ba, wasu ma'aikata ne ke ɗauka suna jan hira, minti ɗaya kusan dala 5. A 2002 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta maka kamfanonin da ke bayanta a kotu, aka daidaita a kan su yafe bashin kusan dala miliyan 500 da suke bin mutane, su kuma biya tarar dala miliyan 5. Ku tsaya ku yi tunanin yawan waɗanda suka raba dare riƙe da kan waya, suna jiran a ce musu zai dawo.

Kada ku ɗauka wai sai marasa ilimi. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2025 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan Amurka kan duba tarot aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yake yawancin masu irin waɗannan dube-dube sun ce don nishaɗi suke yi. Mata matasa kuma suna cikin waɗanda abin ya fi ja.

Mu dawo kanki, ƙanwata. Ita waya tana lura da abin da mai riƙe da ita ya tsaya a kai. In an yi kwanaki ana kallon waƙoƙin rabuwa da kalaman soyayya, irinsu za ta yi ta turowa, har ta kawo ki kan mai kati. Ki koma ki duba ƙasan bidiyon nan ki ga mutum nawa suka kalla. Kowace a cikinsu an ce mata saƙon nata ne, kowace tana da wanda ya yi mata shiru, in ba saurayi ba to ƙawa ko ɗan'uwa. Sannan ki lura da abin da ta zaɓa ta faɗa. Ba ta ce ya manta da ke ba, ba ta ce ya ga wata ba, don ta san mai jin haka ba za ta dawo gobe ba. Ta ce yana sonki, girman kai ne. Wannan ba sai da kati ba, ko ƙawarki ta gadon sama a makaranta abin da za ta faɗa miki ke nan don ki yi barci.

Kin ce a wasiƙarki ƙanwarsa ajinku ɗaya, kuma gidansu bai fi tafiyar minti goma daga naku ba. Ita dai ta san ko yayanta ba shi da lafiya ne, ko ya yi tafiya, ko kuwa wani abin ne daban. Ki aika ƙaninki ya gaishe ta, ki ji me za ta ce. In kin ji, ki sake rubuto mana, muna nan muna jira.